Kwandon 'Yan Tsaki da Ɗan Kwanon Maryama

Zuwa ga ɗiyata Saratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa ki buɗe wannan takarda kina zaune lafiya a Gummi, ke da maigidanki da yaran su uku. Allah Ya tsare muku hanya tun daga Anka har ku sauka, Ya kau da mugun ji da mugun gani, Ya sa wurin aikin da aka mai da maigidanki ya zame muku alheri.

Na ce yara uku, kuma ban yi kuskuren ƙidaya ba. Aminu da Zulai naki ne na ciki. Maryama kuwa, ɗiyar yayanki marigayi, daga yau ita ma taki ce, tunda gwiwoyina da idanuna sun fara yi mini gardama, uwarta kuma ta yi aure can Gwashi.

Na san za ki yi dariya in kin tsinci takarda a ɗaure jikin kwandon 'yan tsaki. Za ki ce Inna da bakinta ba ya hutawa, yau ita ce da rubutu? To, ɗan karatun da na yi ajin manya bai tafi a banza ba. Akwai maganar da in na dubi idonki ba za ta fito ba. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa kwana uku ke nan ina zama gindin rumbu bayan la'asar ina rubutawa kaɗan-kaɗan. In kin ga baƙi ya karkace, ki yi haƙuri da hannun tsohuwa.

'Yan tsakin nan goma sha ɗaya ne. Uwarsu ita ce jar dakwalwata da muzuru ya ɗauke kwana huɗu da ƙyanƙyasa. Da na ce ki tafi da su, kin ce, "Inna, mi zan yi da marayun tsaki, ga kajina biyar da zakara?" Na ce ki ɗauka dai. Yanzu bari in gaya miki yadda ake renonsu. Ba daga gwaninta zan faɗa ba, daga ɓarnar da na yi ne, don ni kam na kashe tsaki da hannuna fiye da yadda shirwa ta ɗaukar mini.

Shekarar da na tare gidan babanku, kaza ta mutu ta bar mini tsaki tara, ga damina ta kankama. Na ji tausayinsu ƙwarai. Na zuba su a babbar ƙwarya, na ɗebo wuta daga murhu tana hayaƙi na cika kasko, na ajiye kusa da su, na lulluɓe su duka da buhu, na ja ƙofar ɗaki. Wai ni ga mai dabara. Na kai abinci gona na dawo, na ɗaga buhu, sai na tarar da su kwance, baki buɗe, ko ɗaya ba ya motsi. Na zauna na yi ta kuka. Babanku, Allah Ya jiƙansa, ya leƙo ya ce, "Ai kin gasa su ba a fige ba." Kwana biyu ban yi masa magana ba, amma gaskiya ya faɗa. Ba sanyi ya kashe su ba, son da na yi musu ne ya yi yawa har ya toshe musu iska.

Saboda haka ki bar garwashi ya gama hayaƙinsa a waje, ki yayyafa masa toka a kai, sannan ki shigar da kaskon. Ki ajiye shi gefe ɗaya, ba tsakiya ba, don wanda ya ji zafi ya sami wurin gudu. Ki bar kafar da iska za ta shiga. Kuma kar ki tambayi jikinki ko akwai sanyi, su za ki duba. In sun dunƙule wuri ɗaya suna hawa kan juna suna ciyau-ciyau, sanyi suke ji. In sun watse can gefe, baki buɗe, fuka-fuki a sake, zafi ya yi yawa. In kuwa kin ga wannan na ci, wancan na barci, wani na tsattsage gashinsa, to ki ƙyale su, ki je ki yi aikinki. Ki shimfiɗa musu buntun shinkafa, Gummi ba a rasa shi, in ya jiƙe ki kwashe ki zuba sabo.

Ɓarna ta biyu ta ruwa ce. Wata shekara na zuba musu ruwa a tasa mai zurfi, wai don kar ya ƙare ina wurin daka. Uku suka faɗa ciki. Biyu suka mutu nan take, na ukun na tsamo shi na goge, amma sanyi ya riga ya shige shi. Ɗan tsako ba ya bukatar ruwa mai yawa, mai tsabta yake so. Ki sami ɗan kwano marar zurfi, ki zuba tsakuwa a ciki, ruwan ya tsaya tsakanin tsakuwar, su sha ba tare da sun jiƙe ba. Ki riƙe maganar ɗan kwanon nan, zan dawo kanta.

Abinci kuwa ɓarzajjen gero da 'yar dusa. Sai gara, ita ce namansu. Ki cusa guntayen kara da busasshen kashin shanu a tsohuwar tukunya, ki yayyafa ruwa, ki kife inda kika ga gara na bi. Da safe ki ɗaga ki kakkaɓe musu. Nan za ki ga abin da ya sa ake cewa ɗan tsako samu ka ƙi dangi, kowa ya cafko tasa sai ya ruga lungu. Ki sa yaran su riƙa ɗaga tukunyar, su ukun tare, kar ki ce aikin wance ne.

Duk wannan mai sauƙi ne, Saratu. Wuta da ruwa da gero, kowa zai iya. Inda wuyar take shi ne ranar da za ki haɗa su da manyan kaji.

Na taɓa renon bakwai har gashi ya rufe su, tubarkalla, ina ta yi wa maƙwabta kuri. Wata safiya na watsa hatsi, kaji suka taru, na kwaso su na juye a tsakiyarsu. Na ɗauka kaza kaza ce. Ina! Wata tsohuwar kaza ta ɗaga kai ta dube su, ta kai wa ɗaya sara a ƙeya. Jini ya fito. Ke dai bari, kaji in sun ga ja ba sa barinsa. Kafin in ajiye ƙwarya sun taru a kansa. Sauran shidan suka shige bayan randa, yini guda ba su ci ba.

Ina tsaye da gawar a hannu sai ga Goggo Dije, tsohuwar nan mai kawo mana nono daga ruga, za ki tuna ta da 'yan kunnenta masu nauyi. Ta sauke ƙwarya ta ce, "Ke, ko nagge, baƙuwar saniya, ba a sako ta garke haka. Ina kwandonki?"

Ita ta koya mini. Ki sami kwando mai manyan idanu, ki kife su a ciki a tsakar gida inda kaji ke kiwo, wurin da inuwa, ki ɗora dutse a kai. Ki watsa hatsi ciki da waje, hatsi iri ɗaya, lokaci ɗaya. Manyan za su zo su zagaya, su leƙa, su sari kwandon, su gaji. Kullum haka har mako guda, suna ganin juna, suna ci kusa da juna, ba mai taɓa wani. Daga nan ki tokare gefen kwandon da ɗan dutse, yadda ƙarami zai fita ya dawo amma babba ba za ta iya shiga ba. Su da kansu za su riƙa fita suna nisa. Ki riƙa watsa hatsin wuri biyu ko uku don kar uwar faɗa ta tsare shi. Za a yi sara, dole ne, kowace kaza sai ta san wa ke gabanta. Kar ki ruga da sanda duk sanda kika ji ƙara. In jini ya fito ne kawai za ki ɗauke shi, ki wanke, ki shafa shuni ya ɓoye jan, ya warke ki mai da shi.

To ni da ban san tsakiya ba, shekarar da ta biyo sai na wuce gona da iri. Na ce ba kazar da za ta ƙara taɓa mini tsaki. Na bar su cikin kwando wata biyu da ɗoriya, ina ba su gara da guntayen nama su kaɗai, manyan na tsaye suna kallo. Ranar da na sake su sun yi ƙiba, sun yi kyau, amma ba su san komai ba. Zakara ya yi ƙarajin nan nasa na ganin shirwa, kowace kaza ta shige ƙarƙashin rumbu, su kuwa suna tsaye fili suna kallon sama. Shirwar ta ɗauki ɗaya a ranar, ta dawo washegari. Waɗanda suka rage ba su taɓa shiga akurki da sauran ba. Bakin ƙofar ɗakina suke kwana har suka tsufa. Da na kai wa Goggo Dije kuka, cewa ta yi, "Ba manyan suka ƙi su ba. Ke kika raba su."

Saratu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kin san ba don kaji kaɗai na ɓata takarda ba.

Shekararki huɗu aka kawo mini ke, bayan rasuwar ƙanwata da ta haife ki. Kin zo riƙe da gefen zanen wadda ta rako ki, ba ki kuka, ba ki magana. Zuciyata ta karye. A ranar na buɗe kayan ɗakina na ciro ɗan kwano mai jan baki, na ce wannan na Saratu ne. Yara na cin tuwo a kwano ɗaya a kan tabarma, ke kina gefena da naki. In an yanka kaza, hanta taki ce. In aike ya tashi, in ce a bar marainiya. In kin yi ɓarna, in ce a bar marainiya. Na ɗauka zumunci nake yi wa 'yar'uwata a kabari.

Yayanki a lokacin shekararsa bakwai. Ɗan fari ne, kin san yadda muke. Bakina bai taɓa kama sunansa ba, sai dai in ce "kai" ko "wancan". Ban taɓa ɗora shi a cinya gaban mutane ba, ban yi masa wasa, in ya faɗi sai dai wata ta ɗaga shi. Haka na ga an yi, haka na yi, kuma mutane suna yabona da kunya. Abin da ban duba ba shi ne, yaron nan yana zaune can kan tabarma yana kallon uwar da ba ta taɓa kiran sunansa ba tana sa wa wata loma a baki.

Wata rana ina zuba miki miya ya zo ya tsaya kaina. Ya ce, "Inna."

Ban ɗaga kai ba. Na ce, "Mi ne ne?"

Ya ce, "Ni ma in uwata ta mutu, za a ba ni kwano nawa?"

Wallahi da na san abin da na sani yau, da na ajiye ludayin na jawo shi jikina, kowa ya ce abin da zai ce. Amma sai na daka masa tsawa, na ce ya rufe mini baki, mugun fata yake yi mini. Ya juya ya tafi. Bayan kwana uku ya fizge kwanon daga hannunki ya jefe ki da shi. Bakin kwanon ne ya tsaga miki goshi, tabon da kike rufewa da ɗankwali har yau. Na yi masa dukan da ban taɓa yi wa ɗa ba, ke kuma na ƙara jawo ki kusa. Kin ga na ƙara dutse a kan kwando ke nan, maimakon in tokare gefensa.

Haka kuka tashi gida ɗaya kamar maƙwabta. Gaisuwa ba ta yanke ba, amma ban taɓa ganin kun zauna kuna dariya ba. Ke kuma har yau in an taru biki ko suna, sai ki ɗebi abincinki ki koma gefe. Mata suna cewa Saratu akwai kamun kai. Ni na san inda kika koyo shi, kuma duk sanda na gani sai na ji ciwo.

Bara da zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana shida na yi a kansa. Na so in ce masa ya yafe mini maganar kwanon nan. Kullum in ce sai ɗakin ya rage mutane. Ɗakin bai rage ba har Allah Ya karɓi abinsa. Wannan kam ya wuce ni, sai dai addu'a.

Da na kira ki na ce ki tafi da Maryama, kin ce, "To, Inna." Ba ki yi musu ba, Allah Ya yi miki albarka. Amma na ga hannunki ya tafi goshinki, ke ma ba ki san ya tafi ba. Shi ya hana ni sukuni. Yarinyar nan kamarsa ce sak, har yadda take tura baki in an ɓata mata rai. Ina tsoron abu biyu. Ina tsoron ki dube ta ki ga wanda ya jefe ki. Kuma ina tsoron ki dube ta ki ga kanki, tausayi ya ɗebe ki, ki yi mata irin abin da na yi miki. Na biyun ya fi ba ni tsoro, don shi ne mai kama da alheri.

Ki ji da kyau, ɗiyata. Yaro ɗan shekara bakwai ba shi ya jefe ki ba. Ni na ɗora masa kwanon a hannu. In akwai sauran abu a ranki, ni za ki bi, ina nan da raina, ki zo ki faɗa mini duk abin da kike so. Kar ki bi shi wurin ɗiyarsa.

Kwanakin farko ki bar ta kusa da ke, baƙuwa ce, ba ta san gari ba, ba ta san ɗaki ba. Amma in kin jawo ta da hannun dama, ki jawo Zulai da na hagu. Tabarma ɗaya, sabulu ɗaya, aike bi da bi. In ta yi laifi ki yi mata faɗa yadda kike yi wa naki, yaro ya san wanda ake yi wa faɗa shi ne ɗan gida. In sun yi rigima kan 'yar tsana ko gutsuren rake, kar ki fito da gudu, ki saurara daga ɗaki, yawanci su za su shirya kansu. In abin ya kai ga rauni ko gori, nan ne za ki shiga, kuma ki ji ta bakin kowa. Kalmar marainiya kuwa, kar ta fito bakinki a gidan, kar ki bari baƙi su mai da ita sunanta.

Sai Aminu. Ɗan farinki ne, na ga ke ma ba ki kama sunansa, ban ce ki bari ba. Amma kunya ba ta hana ki ɗora hannu a kansa in ya dawo makaranta. Ba ta hana ki ajiye masa ƙanzo ki ce, "Kai, zo ka ɗauka." Ki riƙa duban inda idonsa yake in kina ba ƙannensa abu. Yaron da ba ya magana shi ma yana ƙirga lomar da ke wucewa.

Saura guda, ita ce mai kunyar faɗa. Ina nan ina ba ki shawara kamar wadda ta warke. To ban warke ba. Ranar da aka kawo mini Maryama bayan sadakar arba'in, ta tsaya bakin ƙofa ba ta kuka, ba ta magana. Ban san sanda na buɗe kaya na ciro ɗan kwanon nan mai jan baki ba, da ɓallin da ya yi a gefe tun ranar goshinki. Shekara guda ke nan a ciki take ci, a gefena, ko da 'ya'yan maƙwabta sun taru a kwano ɗaya. Ni 'yasu, tsufa bai koya mini komai ba.

Jiya da hantsi na gan ta tana naɗe shi cikin ɗan zanenta, ta cusa can ƙasan kayanta. Ta ɗago ta gan ni, ta ce, "Kaka, a Gummi ma a nawa zan ci ko?" Na kasa raba ta da shi. Na ce mata je ki duba ko tsaki sun sha ruwa.

Abin da na kasa, ke za ki yi. Kar ki ƙwace, kar ki ɓoye, za ta nema ta yi kuka ta ce an tsane ta. Ki ce mata 'yan tsakin Kaka ba su da abin shan ruwa, ko za ta ara musu? Za ta ba da, tana son su, ita ke ɗaga musu tukunyar gara. Ki tura ta da Zulai su tsinto tsakuwa su wanke, ita da hannunta ta zuba a ciki ta ajiye musu. Kwanon ba shi da zurfi, daidai su ne. A cikin buhun kayanki kuwa, ƙarƙashin daddawa da kuka, na sa miki babban kwanona na tuwo. Hannu uku na shiga ciki har da sauran wuri. In ba ki ƙi ba, ranar farko ki zauna ki sa naki ya zama na huɗu.

Kwanon kuma kar ki dawo mini da shi. In tsaki sun girma ki bar wa na bayansu.

Allah Ya raya miki su ukun, Ya haɗa kansu, Ya sa su ji ƙanki. Allah Ya ba ku maƙwabta na gari, Ya tsare ku a gida da hanya, Ya sa in gan ku da Sallah kuna lafiya. Ki gaishe da maigidanki, ki ce na gode da karɓar amanar nan. Ki yafe mini, Saratu.

In Maryama ta tambaye ki ubanta, ki faɗa mata alherinsa, yana da shi da yawa. Allah Ya jiƙan Usmanu, Ya haskaka kabarinsa. Kin ga na rubuta. Shekara talatin da huɗu bakina bai faɗa ba, ki karanta wa ɗiyarsa wannan layin da ƙarfi, ta ji daga kakarta ya fito.

Wassalam.

Ni ce Innarki.